Abokina ya zube a kan dutse, yanzu gidansu ba a amsa gaisuwata

Kawu, ina gaisuwa. Ni saurayi ne ɗan shekara 23 a nan Damagaram. A fadarmu, wato majalisarmu ta samari, ni na kawo shawarar mu fita daji mu hau duwatsu, mu huta da zaman shayi wuri ɗaya. Mu bakwai muka tafi kan babura cikin watan Afrilu, ta hanyar Damagaram Takaya. Da asuba muka so tashi, amma jiran wane da wane ya sa sai ƙarfe 9 muka bar gari, kowa da ledar piya wata uku ko huɗu. Muna tsakiyar hawa, wajen 11 da rabi, ɗaya daga cikinmu ya ce kansa na sarawa, mu tsaya. Aka yi masa dariya, ni ma na ce masa ragon maza. Ya yi shiru ya biyo mu. Kafin mu kai ƙoli ya yi amai, ya fara sambatu, sai ya zube. Da ƙyar muka sauko da shi muka kai shi asibiti. Ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa, Allah ya tashi kafaɗarsa. Tun ranar bai sake leƙo fada ba, ba ya ɗaukar wayata, mahaifiyarsa kuma in na gaishe ta sai ta kau da kai. Wani cikinmu ya ɗauki bidiyo lokacin da muke ɗauke da shi, ya sa a zaurenmu na WhatsApp. Sauran sun ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, har suna shirya wata fitar cikin Mayu, ni suke so in ja gaba. Kawu, laifina ne? In je? Yaya zan yi da abokina?

Ɗana,

Alhamdu lillahi da kuka dawo da shi da ransa. Ina so ka fara sanin girman abin da ya tsallake, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane fuskar da mahaifiyarsa take yi maka ba. Ciwon kai, amai, sambatu, sannan zubewa, a bisa wannan jeri, alamu ne na cewa zafi ya fi ƙarfin jiki har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Jikin mutum yana zaune ne a wajen digiri 37. In ya haura 40 kuma hankali ya fara gushewa, likitoci suna lissafa abin cikin masu kisa da gaggawa, wanda ya tsira ma yakan iya fita da rauni a ƙoda ko hanta. Waccan uwar ta zauna bakin gadon ɗanta kwana biyu tana kallon ruwa na ɗiga cikin jijiyarsa. Abin da ke cikin ranta ke nan duk sanda ka durƙusa gaishe ta.

Ga yadda abin yake faruwa. A Afrilu da Mayu, zafin rana a Damagaram yakan kai digiri 40 zuwa 41 kusan kullum, wasu ranakun ya wuce haka, kuma wannan awon a inuwa ake yin sa. Ku kuwa ba inuwa kuke ba. Dutsenmu yana shan rana tun hantsi, yana mayar da ita ga ƙafa da fuskar wanda ke kansa, da azahar ko tafin hannu ba ka iya ɗorawa. In iska ta fi fata zafi, ba ta ƙara sanyaya mutum, sai dai ta ƙara masa. Abin da ya rage wa jiki shi ne gumi kaɗai. Ka san randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, shi ke sanyaya na ciki, ranar da ta ƙafe kuwa ƙasa ce kawai mai zafi. Mai hawan dutse a irin wannan rana yana iya zubar da lita guda ko fiye a kowace awa. Kuma iskar bazara busasshiya ce, tana lashe gumin nan take, riga ba ta jiƙewa, sai farin gishiri da za ka gani a wuya da hammata. Mutum yana ƙarewa, shi kuwa yana ganin ko gumi bai yi ba.

To yi lissafi. Ledar piya wata ba ta wuce rabin lita. Mai huɗu a cikinku lita biyu ya riƙo, mai uku ɗaya da rabi, ga tafiyar babur cikin iska mai zafi, ga hawa, ga sauka, ga komowa gida. Ruwan bai isa ba tun kuna ƙofar gari. Abin yana ba ni mamaki a ce ƴan Damagaram ne suka raina ruwa haka. Garin nan a kan dutse yake zaune, shi ya sa rijiyoyinsa ba su taɓa wadatar da shi ba, sai an jawo ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Duk wanda ya taɓa bin layin jarkoki a bakin famfo cikin bazara ya san abin da nake faɗa.

Yanzu tambayarka, ko laifinka ne. Ba zan ce maka a'a don ka ji sanyi ba, ba kuma zan ɗora maka duka ba. Makarar tashi ta kowa ce. Ƙarancin ruwa na kowa ne, har shi mai faɗuwar. Zaɓen wata, kai ka kawo shawara amma mutum shida suka amsa. Waɗannan duka rashin sani ne, kuma ana yafe rashin sani cikin sauƙi. Akwai abu guda da yake naka, kai ma ka san shi tunda ka rubuto shi da hannunka ba wanda ya tilasta ka. Yaron nan ya yi abin da ya kamata. Ya ji jikinsa, ya buɗe baki a gaban tsaransa shida ya ce a tsaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga saurayi. Da kun nemi inuwa a lokacin, kun zauna rabin awa, kun ba shi ruwa kun juya, da wataƙila labarin ya ƙare a ciwon kai. Sai wanda ya ja tafiyar, wanda maganarsa ta fi nauyi a ranar, ya kira shi rago. Saurayi ya gwammace ya faɗi da a kira shi rago sau biyu. Daga nan kuma zafi ya shiga kansa, ko ya so ya sake magana hankalin da zai yi ta ya tafi. Damar ku ɗaya ce, ita ce kalmar da ya faɗa da 11 da rabi.

Ina tsammanin wannan ne yake hana shi ɗaukar wayarka. Rana ba ta da ido, ba zai yi fushi da ita ba. Kai kana da ido, kuma ka gan shi.

Maganar abokanka ta tsautsayi, mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a jinkirta sallar azahar in zafi ya tsananta har a samu sauƙi. In salla ta samu wannan rangwame, yawon buɗe ido fa? A aikin hajjin 2024 mutum sama da 1,300 suka rasu, hukumomin Saudiyya da kansu suka ba da adadin, kuma mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ne cikin rana ba wurin fakewa. Ka dubi mutanen da daji ne gidansu. Manomi mai sharar gona yana fita da duku-duku, kafin rana ta take ya dawo. Makiyayi yana kai dabbobinsa gindin gawo da tsakar rana, ya kwanta tare da su. Ayarin gishirin Bilma sai zafi ya karye yake kama hanya. Ba wanda ya isa ya kira waɗannan ragwaye.

Fitar Mayu kuwa, kada ka je, kuma kada ka tsaya a kan ƙin zuwa kawai, ka yi ƙoƙarin hana ta. Mayu bai fi Afrilu sauƙi ba. Zafin yana nan, ga kuma danshin da ke shigowa gabanin damina, wanda ke hana gumi bushewa, jiki ya rasa hanyar sanyaya kansa. In hadarin farko ya taso kuna ƙoli, ga tsawa, ga iska, ga dutse mai santsi. Tunda kai suke so ka ja gaba, maganarka tana da daraja a wurinsu, sai ka yi amfani da ita. Ka ce musu a fili: ba ni zuwa, kuma ba na so ku je, mu bari sai ɗari.

Ban ce a kashe shawarar ba. Shawara ce mai kyau, na fi son in ga samari a kan dutse da in gan su sun wuni kan benci suna jiran shayi na uku. Lokacinta ne kuka kuskure. A Disamba da Janairu rana takan tsaya wajen digiri 30, asuba kuma ta sauko kusan 15, mutum ya yi tafiyar wuni yana jin daɗin jikinsa. Ku fara da na kusa, duwatsun da ke kewaye da unguwar Birni da bayan gari, ƙafafunku su saba, don jiki yana buƙatar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Ta wajen Mirya, kilomita 18 kacal, akwai garake da inuwa da mutane kusa. In kun ƙware kuna son na nesa, ga duwatsun Kutus da na Muniyo can wajen Gure. Ko'ina kuka sauka ku fara da ƙofar maigari, ku gaishe shi, ku faɗi inda za ku, ku nemi yaro ɗan garin ya raka ku, ku sallame shi da abin kirki. Shi ya san kogon da ƙudan zuma suke, ya san inda rijiya take, ya san hanyar da babur zai iya shiga in wani abu ya faru. In kuwa ƙafa ta yi muku ƙaiƙayi kafin ɗari, to daga sallar asuba a kama hawa, ƙarfe 9 ta same ku a ƙasa. Wanda ya makara a bar shi. In duka kuka makara, an fasa.

Ruwa kuma, ko a ɗari kada kowa ya riƙe ƙasa da lita uku, sannan a bar jarka cike wurin babura. A riƙa kurɓa a kai a kai tun ƙishi bai zo ba. Gumi yana fita da gishiri, don haka ruwa zalla ba ya mayar da komai: ku sayi ƙunshin gishiri da sukari na zawo a kantin magani, ko ku haɗa da kanku, lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin wannan cokalin na gishiri. Dabino da ƙuli-ƙuli sun isa guzuri, fura ma tana da kyau in za a sha da wuri. Malfa ko rawani, riga fara mai walwala, takalmi mai rufi, ban da silifa. Kada a cusa hannu cikin tsagar dutse, kunama da kububuwa can suke fakewa. Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ko zawo kwanan nan, da mai azumi, su zauna gida. Mai sikila sai da izinin likitansa, don ƙishi da wahala suna tayar masa da ciwo. Akwai kuma abin da zan faɗa ko da ba ka ambata ba, saboda na san yana yawo cikin samari: wanda ya haɗiyi tiramol don ya ji ƙarfi kada ya bi ku. Ƙwayar tana toshe gajiyar da ita ce ke gargaɗin mutum, tana kuma iya jawo farfaɗiya, a kan dutse kuwa faɗuwa ɗaya ta isa.

Duk wannan kaya ne, ana iya sayensa a kasuwa. Wanda ba a saye shi ne ƙa'idar da za ku ɗaure kanku da ita tun kuna fada, kafin kowa ya hau babur. Wanda ya fi kowa sanyin tafiya shi ke gaba. Duk wanda ya ce a tsaya, an tsaya, ba tambaya, ba tsokana. In ruwa ya kai rabi an juya, ko ƙoli na gaban hanci. Kai kuma mai ja gaba, kada ka jira a gaya maka. Ka riƙa kiran kowa da sunansa kana duban idonsa, ka tambaye shi abin da sai ya yi tunani zai amsa. Wanda ya yi shiru da yawa, ko ya fara tuntuɓe, ko ya fara faɗa ba dalili, shi za ka sa wa ido. Ka kuma zama kai ne na farkon cewa ka gaji, ko ba ka gaji sosai ba. In babba ya faɗa, ƙarami ya samu bakin faɗa.

In Allah ya kawo irin wannan kuma, a kanku ko a kan wani da kuka tarar, ku fara sanyaya shi nan take kafin ku yi maganar ɗauka. A ja shi inuwa, ko a yi masa ita da riguna, a sassauta tufafinsa, a kwarara masa ruwa a kai da wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita ba tsayawa, a ci gaba da haka har a hanya. In yana cikin hankalinsa a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ba ya ciki, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe saboda amai. Parasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. A cikin gari lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a daji kuwa asibitin ƙauye mafi kusa, wanda ya kamata ku san inda yake tun kafin ku hau.

Saura abokinka, kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa gaggawa.

Ka fara da bidiyon nan, yau. Ka sami wanda ya ɗauka, ku biyu, ba cikin taro ba, ka roƙe shi ya goge. Ka rubuta a zauren cewa duk wanda ya adana ya goge, wanda ya tura wani wuri ya bi sawu. Ka sa kanka a matsayinsa: an ɗauko ka kamar kaya, da amai a riga, kana sambatu, kuma kowane yaro a unguwa yana iya kallon haka a wayarsa. Ko da bai ji haushin kowa ba, kunya kaɗai ta isa ta hana shi fitowa. Ba zai zauna a fadar da ake da wannan a aljihu ba.

Sannan ka je gidan da ƙafarka. Waya da saƙo ba su isa wannan magana ba. Kada ku tafi ku shida, taro yana sa a yi gaisuwar sama-sama a tashi. Ka nemi babba guda da gidan suke jin nauyinsa, yayanka ko kawunka ko limamin unguwa, ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru har da kalmar da ka faɗa, ya raka ka. In mahaifinsa yana nan, ta wurinsa za a fara. Wurin mahaifiyar kuwa ka durƙusa ka ce: Inna, ni na ja tafiyar nan, ya ce a tsaya ban tsaya ba, na zo neman gafara. Ka tsaya nan. Kada ka ƙara da cewa ai kowa ma ya yi dariya, ko ai shi ma bai riƙo ruwa ba, ko ai mu muka kai shi asibiti. Duk gaskiya ne, amma ranar ba ranarsu ba ce. In ta yi faɗa ka sunkuyar da kai ka sha. Faɗan ya fi kau da kai, don wanda aka yi wa faɗa ba a fitar da shi daga ƴaƴa ba. In kuma ta yi shiru, ka yi sallama ka tafi, bayan kwana kaɗan ka dawo gaisuwa kamar yadda ka saba.

Kwana biyu a asibiti kuɗi ne. Ku haɗa abin da ya sawwaƙa a fada, ko jika ɗai-ɗai ne, a ba babban da ya raka ka ya miƙa da sunan sannu. Kada ya fito daga hannunka a zaman neman gafara, sai ya yi kama da biyan diyya.

Shi kuma in ka samu ganinsa, ku kaɗai, ka faɗa masa abin da yake jira ya ji daga bakinka: kai ne mai gaskiya a ranar, ni na yi kuskure, kuma kalmar da na kira ka da ita ba taka ba ce. Daga baya ka maimaita haka a fada, a gaban waɗanda suka yi dariyar, ko yana wurin ko ba ya nan, tunda a gabansu aka ce masa rago. Kada ka matsa masa ya ce ya yafe a take, kada kuma ka ja shi dawowa fada. Ka tambayi jikinsa da gaske. Wanda zafi ya kayar yakan yi makonni rana tana saurin galabaitar da shi, don haka ya guji aikin ƙarfi da yawon tsakar rana har likita ya sake duba shi. In fitsarinsa ya yi duhu ko ya ragu, ko jiri da ciwon kai sun ƙi tafiya, a koma asibiti ba jira. In da hali ka kai shi da babur ɗinka, da safe.

Zancen fitar ɗari kada ka ɗauko masa shi yanzu. In lokacin ya zo ku gayyace shi kamar kowa, ya ce e ko a'a, kuma duk wadda ya faɗa a karɓa. Zuwa gidan dai kada ya wuce wannan satin, ka nemi wanda zai raka ka tun yau.

Kawunka